Yadda ake yin kwanon rufi na fayiba mai shigo da haske

Babban sito ko shagon da ke can tsakiyar kasuwa, in an rufe shi da kwanon ƙarfe zalla, duhu ne a ciki ko da rana tsaka. In babu wuta sai an tayar da janareta kafin a ga kaya. Maganin abin shi ne a tsarma kwanon fayiba ɗaya ko biyu a tsakanin na ƙarfe, hasken rana ya riƙa saukowa kyauta. Da abu biyu ake yin sa: tabarmar zaren gilashi da ruwan rezin na foliyesta, wato ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri, kuma da hannu ake shimfiɗa su. Nan ya bambanta da Formica, wadda takardu ne ake jiƙawa da rezin a matse su a inji da zafin da ya haura digiri 120. Waccan sai masana'anta. Wannan kuwa mutum biyu da teburi mai faɗi sun isa, muddin za su yi awo, ba ƙiyasin ido ba.

Ka fara da tara kaya. Ka nemi rezin garai mai jure hasken rana, ka kuma tambayi mai sayarwa ko an riga an zuba masa kobalt, sinadarin da ke hanzarta daskarewar rezin. Sai maganin daskarewa da ake kira MEKP, da tabarma mai nauyin giram 450 a kowace murabba'in mita, da ledar foliyesta irin Mylar, da burushi, da rola mai tsaga-tsaga ta ƙarfe, da sikeli, da sirinji, da asiton na wanke kayan aiki. Ledar kasuwa ba ta yi, yamutsewa take yi ta bar zane a jikin kwanon. Mazubin kuwa sabon kwanon ƙarfe ne guda biyu, irin wanda ke kan rufin da za a saka wa, domin tudu da kwarin su zo daidai.

Kafin a buɗe galan, ga maganar da ba a wasa da ita. Kada kobalt da MEKP su taɓa haɗuwa kai tsaye, suna iya kamawa da wuta ko su fashe. In rezin ɗinka ba shi da kobalt, a cikinsa za ka fara zubawa ka juya sosai, daga baya MEKP ya biyo. Ɗigon MEKP a ido yana iya makantarwa, don haka tabarau da safar hannu wajibi ne, in kuma ya fantsama a wanke idon da ruwa na minti 15 a wuce asibiti. Warin rezin na sinadarin sitirin ne, yana sa jiri da ciwon kai. A yi aikin a rumfa mai iska, nesa da murhu da mai shan taba.

Sai lissafi. Shimfiɗa ɗaya ta tabarmar giram 450 tana ba da kaurin kusan milimita 1, biyu kuma kusan milimita 2, wanda ya fi ƙarko. Rezin yana cin ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyin tabarma. Ke nan shimfiɗa biyu, giram 900, za su sha kilo 2 ko ɗan sama da haka a kowace murabba'in mita. Wajen yanka tabarma kada ka auna faɗin kwano a miƙe. Ka bi tudu da kwari da igiya, ka miƙe igiyar ka auna, ka ƙara santimita 5 a kowane gefe.

MEKP kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sakawa, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya. A nan ne yanayinmu yake shigowa. Adadin mintunan da ake rubutawa a jikin galan, galibi na zafin digiri 25 ne, inda rezin kan ba ka minti 15 zuwa 20 kafin ya fara kauri. A bazarar Kano ko Maraɗi, da zafi ke wuce digiri 40, lokacin yana raguwa sosai. Saboda haka ka yi aikin da sassafe, ka tsaya a kashi 1, ka kuma fara gwada ɗan kaɗan a kofi kana duban agogo. Kada ka sauka ƙasa da kashi 1 don neman lokaci, kwanon ba zai taɓa yin tauri yadda ya kamata ba. Ka riƙa dama kilo ɗaya ɗaya.

Yanzu shimfiɗa. Ka baza leda a kan teburi, ka share ƙura, musamman da hunturu, don duk abin da ya faɗa ciki zai zauna har abada a inda ido ke gani. Ka zuba rezin ka baza shi, sannan ka ɗora tabarmar farko. Da burushi dannawa ake yi, ba shafawa ba, shafawa tana jan zaren ta tara shi wuri ɗaya. Ka ba ta minti ɗaya ko biyu. Za ka ga farar tabarmar ta yi laushi, farin yana ɓacewa har kana hango teburin ta cikinta. Duk inda fari ya rage, ko bai sha rezin ba ne ko iska ce ta maƙale. Ka bi da rola daga tsakiya zuwa gefe, za ka ji ƙananan kumfa suna fashewa. Wannan matakin nake so a fi ba wa hankali, domin kowane kumfan da aka bari rauni ne, ta nan kwano yake fara tsagewa ya yi yoyo. Ka ɗora tabarma ta biyu tun ta farko tana jiƙe, ka maimaita. In za ka haɗa gutsure biyu, su hau juna da santimita 5.

Ka rufe da leda ta biyu, ka bi da faifan roba kana korar iska. Ledar nan ita ke sa fuskar kwano ta fito sumul, kuma tana hana iska taɓa rezin, domin iskar ce ke barin sa da danƙo. Ku kama ledar gefe da gefe ku ja shimfiɗar gaba ɗaya zuwa kan kwanon ƙarfe, a ɗora na biyu a sama, a danne da bulo daidai wa daida. Ragowar rezin a kofi yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi, a fitar da shi fili, kada a jefa cikin tsummoki. Rola da burushi su shiga asiton nan take.

Idan kwanon fayiban ya yi ƙarfi kamar fata, bai kai ga tauri ba, wuƙa mai kaifi za ta gyara gefen cikin sauƙi. In ka bari ya ƙame sai injin yanka, kuma ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi tana cutar da huhu, sai da takunkumi. A bar shi awa 24 a mazubi, a ɓare leda, a ajiye shi kwance a inuwa kamar mako guda.

Wajen kafawa, a huda ramin da injin huda, ya fi ƙusar faɗi da milimita 2 saboda zafi yana buɗa shi, a sa wosha ta roba. Rezin na yau da kullum yana cin wuta, kada a sa shi saman madafa. Kuma ka gaya wa kafinta da bakinka cewa ba a taka kwanon fayiba, ko da ya ga ya yi kauri. A gitta katako a kan azara ya bi ta kai.