Yadda za ka kwance babbar lamba ba tare da kalkuleta ba

'Yan uwa masu shirin WAEC da masu raba kuɗin adashi, ku daina tsoron doguwar lamba, wallahi mafi yawan aikin da ido ake yin shi. Mu ɗauki 720,720 mu gano lambobin da ke raba ta ba saura.

Fara duba wutsiyarta. Ta ƙare da 0, to cika ce ba mara ba, 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. Ukun ƙarshe, wato 720, in ka raba da 8 za ka samu 90 cif, ke nan 4 da 8 ma sun wuce.

Sai ka tara lambobin ɗaya bayan ɗaya, 7+2+0+7+2+0 ya ba ka 18, tunda 9 na shiga 18 to 3 da 9 sun shiga uwar.

Inda yara ke makalewa shi ne 7 da 13, kuma nan ne daɗin yake, ka yanka lambar uku-uku daga dama sai ka ɗebe ɗaya daga ɗaya, in abin da ya rage 0 ne ko yana rabuwa da 7 ko 11 ko 13 to ita ma babbar haka take, dalili kuwa 7×11×13 shi ne 1001. A tamu 720 a ɗebe 720 saura 0, duka ukun sun shiga lokaci guda. Irin wannan wasa da lamba ai gadonmu ne a Katsina, Muhammadu al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741 littafi ya rubuta kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara.

Yanzu rubuta ta da firam, lambobin da ba mai raba su sai 1 da kansu: 2×2×2×2×3×3×5×7×11×13. Don sanin yawan masu raba ta, ƙirga sau nawa kowace ta fito ka ƙara 1, sai ka ninka, 5×3×2×2×2×2, ka ga 240. Lambobi 240 ke raba ta ba saura, kuma duk ƙasa da ita babu mai masu rabawa da yawa haka.

In naira 720,720 ce a hannun uwar adashi, ko ku 7 ne ko 13 ko 16 ba mai cewa a nemo canji, mutum 13 kowa 55,440 zai ɗauka. Daga 1 har 16 ba wadda ta gagara. Sai a 17 take cijewa, kowa ya samu 42,395 a bar naira 5 a faranti.