Yadda Za Ka Ɗauko Mai Hoton Talla Ba Tare Da Kuɗinka Sun Bi Ruwa Ba

Na daɗe ina taimaka wa masu ƙananan sana'o'i a yankinmu na Kura da Bunkure wajen fitar da kayansu kasuwa: masu casar shinkafa, matan da ke matsar man gyaɗa, da ƙungiyoyin manoman rani na Kadawa. Duk wanda ya zo mini da kukan mai hoto ya cuce shi, in na bi diddigi sai in tarar tun ranar ciniki aka yi ɓarnar. To ga yadda nake so a riƙa yi.

Kafin ka kira kowa, ɗauki biro da takarda ka rubuta inda kowane hoto zai je. Wanda za a buga a sitikar jarkar mai daban, wanda za a sa a buhu mai kilo 25 daban, haka na bana, wato babban ƙyallen talla, da za ka rataya a ƙofar shago ko a rumfarka ta kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Bana a kwance take, shafin Instagram kuwa ya fi son hoto a tsaye ko mai kusurwa huɗu daidai. Idan mai hoto bai san wannan ba, zai cika hoton da kaya har baki, a rasa inda za a rubuta suna da lambar waya. Ka ce masa ya bar fili a gefe. Ni ba na wuce hotuna 15 a aikin farko: na kaya 10, na mutane 5.

Sai zaɓen mai hoton. Wanda ya ɗauki kamun ƙanwarka ya yi kyau, ba lalle ne ya iya ɗaukar kwalbar mai ba. Mai hoton biki gwanin fuska ne da kwalliya, shi kuwa hoton kaya aikin sarrafa haske ne. Kada ka yarda da hotuna uku da ya tace ya sa a shafinsa, ka ce ya nuna maka aiki guda cikakke da ya yi wa wani mai sana'a. In da hali miƙa masa kwalbar man gyaɗa ɗaya ya gwada. Wanda ya san aiki zai sa haske ta baya ko ta gefe, man ya fito garau kamar zuma. Wanda bai sani ba zai watsa mata filasha ta gaba, sai ka ga farin tabo a tsakiyar sitikar, lambar NAFDAC ma ba ta karantuwa. Yawanci daga cikin Kano ko Dutse ko Haɗeja za ka samo irinsu, saboda haka ka sa kuɗin mota da na abinci a lissafi tun farko. Hanyar rage tsada ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu masu sana'a a gari ɗaya, ya zo rana guda ku raba kuɗin motar.

Yanzu ga wurin da na sha wuya, kuma a nan nake so ka nutsu. Wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli ta wakilta ni na ɗauko musu mai hoto daga birni. Kuɗin adashinsu ne suka tara. Ya zo ya yi aiki mai kyau, ban rage masa komai ba a nan. Bayan kwana huɗu ya turo hotuna ta WhatsApp, muka duba a waya, kowa na sambarka, na cika masa kuɗinsa. Da muka kai wa mai buga bana, ya buɗe a kwamfuta ya ja hoton ya kai girman da muke so, sai ga fuskar shugabar ƙungiya ta farfashe ta koma ƙananan akwatuna, rubutun jikin kwalba ya dame kamar an zuba wa tawada ruwa. Na kira mai hoton ya turo na asali, ya ce ai ya goge memorin ya tafi wani biki. Ranar da na koma na faɗa wa matan nan, wata dattijuwa a cikinsu ta dube ni ta ce, "Malam, yanzu kuɗin namu shi ke nan?" Har yau maganar tana ci mini rai.

Abin da ya faru shi ne, WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, ya zubar da mafi yawan nauyinsa. A fuskar waya ba za ka gane ba. Bugu mai kyau na sitika ko kalanda yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato shafin A4 guda yana bukatar hoto mai wajen ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Saboda haka tun wajen ciniki ka ce a filas, wato 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, za a ba ka, ko ta Google Drive, ko in ta WhatsApp ɗin ne to a turo shi a matsayin dokumen. Kuma ka duba nauyin kowane hoto: in ka ga KB ne 'yan ɗari, ba na asali ba ne, na asali yakan kai MB da yawa. Ka kuma sa sharaɗin ya ajiye nasa kwafin aƙalla wata uku.

Duk wannan a rubuce, ko da a takardar makaranta ce, da sa hannunku da shaida ɗaya. A ciki a faɗi yawan hotunan da za a gyara, ranar bayarwa, da kuma abin da mutane ke mantawa: wa ke da hoton? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗora haƙƙin a kan wanda ya ƙirƙiri aikin, sai fa in yarjejeniya ta ce ba haka ba. Biyan kuɗin aiki kaɗai bai isa ba. A rubuta cewa kana da ikon amfani da hotunan a buhu, bana, kalanda da intanet ba iyakar lokaci, kuma ba zai sayar wa wani mai irin sana'arka ba. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi. Ragowar sai mai buga bana ya buɗe hotunan a kwamfutarsa ya ce sun yi.

Ranar ɗauka a fara da hantsi, kafin rana ta take. Da tsakar rana inuwar hula takan rufe idon mutum, buhun leda kuma ya yi ta ƙyalli. In lokacin hunturu ne, ƙura ba ta barin kwalba minti biyar, a tanadi tsumma mai laushi da mai gogewa a kusa. A ware buhunan da ɗinkinsu ya miƙe da sitikar da ba ta karkace ba. A tanadi janareta ko sola saboda cajin batir da fitilunsa.

Hoton shugabanni kuwa, bango ɗaya za a yi wa kowa, shugaba da sakatare da ma'aji, tsayin kyamara ɗaya, daga ƙirji zuwa sama. In ba haka ba, ranar da aka jera su a kalanda ko takardar neman rance sai ka ga kan wani ya fi na wani girma. Farar shadda a jikin farin bango ba ta fitowa, ni na fi son bango mai ruwan toka. Kuma ka hana mai hoton goge fuska har ta yi sulɓi, manomi ya fito da kamanninsa. Matan aure a nemi yardarsu da ta mazajensu tun kafin ranar, a faɗa musu ƙarara cewa hoton zai hau Facebook. Wadda ba ta so, a ɗauki hannuwanta tana murza ƙuli, sau da yawa ma wannan ya fi jan mai saye. In za a shiga gona ko kasuwa, a gaida mai unguwa ko sarkin kasuwa tukuna.

Da hotuna sun zo, gyara zagaye ɗaya ya isa, ka tara duk ƙorafinka ka faɗa lokaci guda. Ka lura kada ya canza launin kaya, shinkafar da ta fi ta cikin buhu fari rigima za ta jawo maka da masu saye. Ka kwafe su wuri biyu, filas ɗaya a gida, ɗaya wajen sakatare, sannan a buga sitika guda ta gwaji a manna a jarka a gani kafin a ba da aikin dubu.