Darasi na 14: Yawon Duniya Daga Kan Tabarma

An ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne, sai dai tafiya tana son guzuri, tana son fasfo da biza, tana son wanda za a bar wa gida da bisashe. Da yawa cikinmu a ajin nan iyakarmu Illela ko Gusau, in ta yi nisa Kano. Wannan darasi na mai zaman gida ne, wanda ke son sanin yadda mutanen wasu ƙasashe ke ci da sha da kwana.

Abin ba sabo ba ne a Sakkwato. A shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya zo garin nan, ya gaida Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello bai taɓa taka Turai ba. Duk da haka ya yi ta yi wa baƙon tambayoyi kan ƙasarsu da rabe-raben addininsu, har Baturen ya ce wasu tambayoyin sun fi ƙarfinsa. Kafin ya koma, an ba shi taswirar Kogin Kwara da ƙasashen da ke kewaye. Ina Bello ya samo duk wannan? Daga littattafai, da bakin alhazai, da fatake masu ƙetaro hamada. Yana zaune gida, yana karatu, yana tambaya. Mu yau muna da abin da Bello bai samu ba, wato rediyo da waya.

Fara da kayan ɗakinka

Ɗauko kwalin ganyen shayi, ko ledar dabino, ko akwatin waya. Juya bayansa. Nemi kalmomi biyu na Turanci, Made in. Ma'anarsu "an yi a". Kalmar da ke biye da su sunan ƙasa ce. Kwafe ta cikin littafinka, harafi bayan harafi, sannan ka rubuta sunan da Hausa a gefe. China ita ce Sin. India, Indiya. Thailand, Tailan, ƙasar da shinkafarta ta daɗe tana shigowa kasuwanninmu. Yawancin Keke Napep da baburan Bajaj da 'yan kabu-kabu ke hawa daga Indiya suka fito. Wani dattijo mai sayar da albasa a ajinmu na bara ya tara sunayen ƙasashe tara cikin mako ɗaya, bai wuce shagon maƙwabcinsa ba. Da ya kawo littafin sai ya ce, "Malam, ashe duniya duk tana cikin kantin wanga yaro, mu muna wucewa."

Kayanmu ma suna tafiya. Fatar jan akuyar Sakkwato ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare hamada a kan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can suka san ta, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Akuyar ta fi mai ita yawo.

Kunne da baki

Rediyo kowa ya san shi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ga kuma Muryar Jamus. Abin da darasin nan ya ƙara shi ne biro. In ka ji sunan ƙasa a labarai, rubuta shi nan take, ko da rubutun bai yi daidai ba. A aji za mu gyara.

Sai kuma mutane. Alhajiyar da ta dawo daga Makka ta zauna da mutanen Indonesiya da Turkiyya da Pakistan a Harami. Direban da ke kai albasa Gana ya san kuɗinsu sidi ne, ya san zangon Kumasi inda Hausa ke tashi kamar a Kasuwar Daji. Kada ka tsaya a "yaya hanya?" Tambayi abu uku: me suke ci da safe, yaya suke gaisuwa, me ya fi ba ka mamaki. Matambayi ba ya ɓata.

A Sudan akwai gari a bakin kogin Nilu mai suna Mai Wurno. Zuriyar mutanenmu ne da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu. Har yau ana jin Hausa da Fulatanci a can. Wanda ya nemi garin a taswira zai ga nisan da kakanninmu suka ci da ƙafa.

Taswira a waya

In akwai babbar waya a gidan, ko ta ɗa ce ko ta jika, a buɗe Google Maps. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya danna alamar makirfo ya faɗi sunan wurin. Fara da Sakkwato. Nemi Gulbin Rima, nemi unguwarku. Sannan ka matse hoton da yatsu biyu a hankali, gari ya ƙanƙance, Birnin Ƙonni ta bayyana, hamada ta fito, teku ya fito. Bidiyo yana cin data sosai, taswira ba ta kai shi ci ba, saboda haka a fara da ita.

A nan ne lissafin agogo ke da daɗi. Duniya tana juyawa, mutanen gabas suna riga mu ganin rana. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Sakkwato, ƙarfe 12 ne a Yamai, 11 na safe a Akara, 2 na rana a Makka, 4:30 na yamma a Indiya, 7 na dare a Beijin. Shi ya sa a watan azumi muke ganin mutanen Makka suna shan ruwa a talabijin, mu nan ba a daɗe da idar da la'asar ba. Can arewacin Norwe kuwa, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sam, tsakar dare ma da haske. A wannan watan kuma mutanen Afirka ta Kudu suna cikin sanyi, mu muna shuka.

Abu ɗaya nake ja muku kunne a kansa. Fim ba ƙasa ba ne. Wanda ya san Indiya ta fim kawai zai zaci kowa a can rawa yake yi cikin ruwan sama, alhali ƙasa ce mai mutane fiye da biliyan ɗaya, da manoma masu jiran damina kamar mu, da Musulmi masu yawan gaske. Haka ɗan gajeren bidiyon da ake turowa a WhatsApp, sau da yawa tsoho ne, ko na wata ƙasa dabam. Ji daga baki biyu ko uku kafin ka rubuta abu a littafinka. In ka ga al'adar da ta ba ka dariya, tuna akwai wanda zai ga muna dama fura da nono a ƙwarya ya yi nasa mamakin.

Sababbin kalmomi

Taswira, nahiya, babban birni, iyaka, teku, tsibiri. Karanta kowace sau uku da ƙarfi, ka rubuta ta sau biyar.

Aikin gida

Zaɓi ƙasa ɗaya. Ware mata shafi guda, ka rubuta sunanta da manyan haruffa a sama. A ƙasa rubuta nahiyar da take, da babban birninta, da sunan kuɗinta, da abinci ɗaya da ake ci a can. Rubuta kuma wurin wanda ka ji kowane bayani. Sai lissafi: jirgin alhazai ya tashi daga Sakkwato ƙarfe 10 na safe, ya yi awa biyar a sama. Ƙarfe nawa ne a agogon Jidda lokacin da ya sauka? A zo da amsa da kwali ɗaya mai sunan ƙasa ranar darasi na gaba.