Yadda Za Ka Tafiyar da Tela Mai Kakale a Shagonka

Kusan kowane babban shagon ɗinki yana da irinsa. Hannunsa ya fi na kowa kyau, amma kaftanin da wani ke gamawa a yini ɗaya shi sai ya kwana uku a kansa: ya ɗinka wuya, ya farke, ya sake. Da azumi ya raba tsakiya, ɗinkin sallah ya taru, halin nan ke jawo wa shago saɓa alkawari.

Kada ka ce masa "rage kakale". Abin da zai ji shi ne kana so ya yi ha'inci. Ka ɗauko kaftani ɗaya da ka yarda da shi, ka rataye kusa da kekensa, ka ce duk ɗinkin da ya kai wannan kyau ya kammalu. Sannan ka raba aikin gida biyu: kayan ango da manyan riguna a ba su lokaci, kayan yara da yunifom ɗin makaranta kuwa a yanka musu adadin da za a fitar kullum.

Babbar asarar tana wajen farkewa. Shadda ba ta yafiya: allura na barin huji a jikinta, sheƙin wurin ya dusashe, gyara na biyu ya fi kuskuren farko muni. Don haka ka kafa doka, ba mai farke ɗinki sai ya nuna maka. Ka ɗaga rigar, ku ja baya kamar taku biyu ku duba. Abin da ido bai kama ba daga nan, mai kaya ma ba zai gani ba.

Wa'adi kuma ka faɗa da rana da lokaci: "Malam, Laraba bayan la'asar za a goge ta." Ka leƙa aikin tun yana rabi, domin irinsu sukan ɓoye jinkiri har ranar karɓa.

Awo da yanka ka bar masa, musamman na yadi mai tsada, nan ne tsantseninsa ke hana ɓarna. Amma ka yi hattara da ɗora shi a kan yara masu koyo. Yakan ƙwace aikin ya yi da kansa, yaron bai koya ba, nasa ɗinkin kuma yana jibge a kan tebur.