Yadda Za Ki Kula da Yaron da Aka Sa Wa Robar Shant a Kai

Aikina jinya ne a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma ranar sallama ta fi ranar tiyata tayar mini da hankali. A asibiti idanu da yawa ne a kan yaro. A gida kuwa naki ne kawai, ke uwa, shi ya sa nake so ki san abin da aka sa wa ɗanki da abin da za ki riƙa dubawa.

Ƙwaƙwalwa tana yin ruwanta kullum. Ta babban mutum tana yin kusan rabin lita a yini, jiki yana shanyewa. Idan hanyar ruwan ta toshe sai ya taru, ya matse ƙwaƙwalwa, kan jariri ya yi ta girma. Shant siririyar roba ce da ake sakawa daga inda ruwan ya taru, ta bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne, ta wuya, ta ƙirji, har cikin ciki, inda ruwan zai shanye. Ɗan tudun da kike ji a bayan kunne shi ne bawul, mai ƙayyade yawan ruwan da ke wucewa. Wani uba ne ma, John Holter, ya ƙera irinsa a Amurka a 1956 saboda ɗansa.

A makonnin farko, raunin nan biyu, na kai da na ciki, su zauna a bushe har sai likita ya ce a jiƙa. Ki wanke hannu kafin ki taɓa bandeji. Kada ki bar jariri ya daɗe kwance a gefen da bawul yake, domin fatar kansa ba ta da kauri, tana iya ƙujewa har robar ta bayyana. Kuma don Allah kada ki riƙa danna bawul ɗin don ki ji ko yana aiki. Dannawa ba za ta gaya miki komai ba, tana iya ma jawo toshewa.

Robar tana iya toshewa, ko ta tsinke, ko ƙwayoyin cuta su kama ta, musamman a shekarar farko. Nan ne nake so ki fi buɗe ido. Ki duba maɗigarsa yana zaune, hankalinsa kwance, ba lokacin kuka ba. Idan ta kumbura ta yi tauri, akwai matsala. Ki auna zagayen kansa da tef, ta saman gira zuwa inda ƙeya ta fi fitowa, ki rubuta da kwanan wata. Ki lura da idanunsa: in ƙwayar ido ta riƙa nutsewa ƙasa, fari ya fito a sama, ruwan ya sake taruwa. Sai amai a jere, ƙin nono, kuka mai tsini da ba ki saba ji ba, jijjiga, da barcin da tashinsa ke wuya.

Wannan barcin shi na fi tsoro. Iyaye da yawa sukan ce ya samu hutu ne bayan amai, su bari sai gari ya waye. Yaron da ya yi amai sannan ya kasa farkawa sosai, a daren nan za a kai shi asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa. Kada a tsaya gwada maganin zazzaɓi tukuna. Idan ya wuce shekara ɗaya da rabi, maɗiga takan rufe, kai ba shi da sauran wurin buɗewa, don haka ciwon kai da amai kan tsananta cikin sa'o'i.

Zazzaɓi a watannin farko, jan layi ko kumburi a kan hanyar robar, ruwa yana tsattsafowa daga rauni, ciki ya yi tauri yana ciwo, duk alamun cuta ne a robar, kuma maganin sha a gida ba ya kashe ta. Akwai kuma akasin toshewa, wato ruwan ya zuba fiye da kima: maɗiga ta lotsa, ko babban yaro ya ce kansa na ciwo in ya zauna, ya lafa in ya kwanta. Shi ma a gaya wa likita.

Ban da wannan, ki bar shi ya yi rarrafe, ya yi wasa, ya je makaranta. Likitoci sukan bar rarar roba a cikin ciki saboda tsawon da zai yi.

Kafin ku bar asibiti ki tambayi sunan bawul ɗin, da ko irin wanda ake saitawa da maganaɗisu ne. In shi ne, a nisanta maganaɗisu mai ƙarfi daga kansa, kuma duk lokacin da aka yi masa hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, a sake duba saitin. Ki ajiye takardar tiyata da hoton kansa na ƙarshe, wanda aka ɗauka yana lafiya, ki kuma ɗauke su a waya. Likitan da ya karɓe ku da dare zai gwada sabon hoton da za a ɗauka da wannan hoton.