Ku san masu ƙasa: jan kunne ga sababbin zuwa kudancin Alberta

Katin lafiya, lambar SIN ta aiki da haraji, asusun banki, rigar sanyi, duk cikin 'yan makonni za ku gama da su. Jama'armu a Calgary, birnin da ke kudancin lardin Alberta a Kanada, masha Allah, ba a bar su a baya ba wajen karatu da neman halal. Inda ake yin tuntuɓe shekara da shekaru shi ne rashin sanin waɗanda aka tarar a ƙasar.

A fara da baki. Sunan nan "Red Indian" da wasunmu suka taso da shi, zagi ne a nan, kuma yana iya kai mutum gaban shugabannin wurin aiki. 'Yan asalin ƙasa rukuni uku ne a Kanada: First Nations, Inuit da Métis. A kudancin Alberta akwai Siksika, Kainai da Piikani, waɗanda a haɗe ake kira Blackfoot, sai Tsuut'ina da Stoney Nakoda, ga kuma Métis. Kowa a kira shi da sunan al'ummarsa.

Kafin Bature ya iso, rayuwar wannan fili a kan ɓauna take: nama, fatar tanti, igiya, duk daga jikinta. Kusa da Fort Macleod akwai wani gangaren dutse, Head-Smashed-In, inda aka yi kusan shekara 6,000 ana koro garke yana faɗawa. A 1875 'yan sandan doki suka kafa sansani a mahaɗar kogin Bow da Elbow, wurin da Blackfoot ke kira Mohkinstsis, wato gwiwar hannu. Shi ne Calgary ta yau. Ran 22 ga Satumba 1877 aka sa hannu a Yarjejeniya ta 7 a Blackfoot Crossing, Sarki Crowfoot na Siksika yana cikin manyan da suka amince. An yi alkawarin murabba'in mil ɗaya ga kowane gida mai mutum biyar, da dala 5 a shekara ga kowane kai. Takardar gwamnati ta ce an sallama ƙasa. Dattawansu sun ce zaman lafiya da zama tare aka ƙulla. Wajen 1880 ɓauna ta ƙare, yunwa ta shigo, jirgin ƙasa ya iso a 1883. Bahaushe ya san irin wannan takarda, don masarautar Ingilan ce dai ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Namu Turawan sun tattara sun tafi, na nan sun zauna.

Sai makarantun kwana, inda aka raba yaran 'yan asalin ƙasa kimanin 150,000 da iyayensu a faɗin Kanada, aka hana su harshensu, dubbai ba su koma gida ba. Sai cikin shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Shi ya sa makaranta za ta ce a sa wa yaro riga ruwan lemo ran 30 ga Satumba, ranar tunawa da waɗannan yara. A sa masa, ba bikin addini ba ne. Kuma wanda kuka gani a tashar jirgi cikin halin maye, ku riƙe harshenku, ba ku san gidan da ya fito ba.

To, ga inda kuɗi ke salwanta. Ƙasar Tsuut'ina manne take da kudu maso yammacin Calgary, har mutum ya shiga Costco da ke can sayayya bai san ya bar birni ba. Gida a irin wannan ƙasa, kamar a Redwood Meadows, gini kake saya, filin kuwa haya ce ta dogon zango. Kafin sa hannu, lauya ya karanta muku shekarun da suka rage, kuɗin fili na shekara, da wanda ake kai wa ƙara, ku kuma ji ta bakin banki, don ba kowanne ke ba da bashi a kai ba. A cikin birni dokar haya ta Alberta ta ce kuɗin ajiya kada ya wuce hayar wata ɗaya, a cike takardar duba gida cikin mako guda kafin ko bayan shiga, ba a ƙara haya sai bayan kwana 365. A ƙasar da aka keɓe wa 'yan asali, irin ta Tsuut'ina, galibi wannan doka ba ta hawa, abin da kuka sa wa hannu shi ne gatanku. Rangwamen haraji a kan man fetur da sigari a can na 'yan First Nations masu katin shaida ne kaɗai; aron katin wani laifi ne, kuma mai jiran takardar zama ba ya wasa da laifi. Maganar "ai ba sa biyan haraji" ma ku bar ta, yawancinsu suna biya kamar ku.

Jarrabawar zama ɗan ƙasa tambaya 20 ce, sai an ci 15, kuma tarihin nan yana fitowa. Tun 2021 rantsuwar kanta ta ambaci haƙƙoƙin yarjejeniya na rukunin ukun.

In an gayyace ku taron rawa, ko kun leƙa tantunansu na Elbow River Camp lokacin Stampede, bikin shekara-shekara na Calgary, a watan Yuli, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada a taɓa gashin tsuntsun da ke jikin mai rawa. Mai neman ilimi wurin dattijo taba yake miƙawa, kamar yadda muke kai goro. In an zagayo da hayaƙin ganye na addu'arsu, Musulmi ya ɗora hannu a ƙirji ya ja da baya cikin ladabi, mai zagayawa zai wuce.