Lasin ɗinka na Najeriya ba a canza shi a Ingila, ku daina jin maganar majalisa

Wanga sati kaɗai mutum uku sunka same ni da magana guda, na ƙarshe ɗan yayata ne da ya samu gurbin karatu, ya tarad da ni ƙofar gida bayan la'asar yana ta murna wai "Kawu, an ce in na isa sai dai in kai lasin ɗina su canza mani da nasu ko?" Na ce wa ya ce maka, ya ce wani abokinsa a majalisa. Abokin nan ko Kamba bai taɓa tsallakewa ba balle Landan. To na gaji da maimaita magana baki da baki, bari in rubuta, wanda zai ji ya ji.

Akwai ƙasashen da hukumar lasin ta can, DVLA da ke Suwanzi, ke karɓar lasin ɗinsu ta ba su na Birtaniya ba jarrabawa, irin su Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Kanada da Japan da Ostireliya. Najeriya ba ta ciki. Abin da anka yarje maka kawai shi ne ka yi tuƙi da katin FRSC ɗinka na wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, in sun cika katin ya zama abin ajiya a walat, sai ka bi layi kamar yaron da bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Nan ne na ci ƙasa, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na sauka watan Satumba, na sayi wata 'yar tsohuwar Toyota wajen watan Disamba saboda kai yara makaranta cikin sanyin nan, na yi inshora da lasin ɗin gida, komai lafiya lau. Na san da maganar wata 12 ɗin, ba wai ban sani ba, amma na ce ai da saura, bari in gama da karatu tukuna. Abin da ban lissafa ba shi ne ba ka da ikon zama jarrabawar sai ka yi kwana 185 a ƙasar, ka ga rabin shekarar ta tafi ke nan, sannan ba za su ba ka ranar gwajin tuƙi ba sai ka ci ta ƙa'idojin hanya da ake yi a kwamfuta tukuna, sannan in ka je neman ranar, a garuruwa da yawa sai ka ga wata biyar ko shida a gaba babu gurbi ko ɗaya. Ku tara da kanku ku gani. Wanda ma ya fara shiri tun ranar da ya sauka da ƙyar zai sha, ina ga ni da na bari sai wata na goma na fara tambayar ina ake cike fom.

Wata na 14 sunka tsayar da ni da safe, yara biyu a baya da kayan makaranta. Ɗan sandan ba faɗa ba tsawa, har da gaisuwa, ya karɓi katin ya juya shi ya tambaye ni yaushe na shigo ƙasar, ni kuma bakin nan nawa ya faɗi gaskiya. A can babu "Yallaɓai a yi haƙuri", babu wani ɗan uwa da za ka kira ya yi magana da oga. Ina tsaye bakin titi riƙe da hannun yaran babbar mota ta zo ta ɗauke 'yar Toyotar, ƙaramar tana tambayata Baba ina za su kai motarmu. Na biya tara, na biya kuɗin ja, na biya kuɗin kwanan mota a wurin ajiya, sai da na roƙi wani bawan Allah mai cikakken lasin ya je ya fito da ita, sannan sunka rubuta mani maki 3 na laifi. Makin nan ya fi kuɗin ciwo, don dokarsu ita ce sabon direba in ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawa a ƙwace lasin ya koma farko, kuma wanda ka kwaso kafin ka ci yana cikin lissafi. Shekara biyu na yi ina tuƙi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Abin da nake sa duk nawa ya yi yanzu, satin da ka samu adireshi ka nemi lasin ɗin koyo, fam 34 ne ta intanet, ka fara karatun ta kwamfuta tun kana Birnin Kebbi kana jiran biza, ka zauna ta da zarar kwana 185 sun cika, ranar da ka ci kuma kada ka kwana ba ka kama ranar gwaji ba ko da a wani gari ne. Wasu na cewa gaggawa ce, ni dai haka nake yi wa mutanena. Karɓar na koyon ba ya hana ka tuƙi da na gida kafin watanni 12 su cika, amma suna cika sai jan harafin L a gaba da baya, da mai cikakken lasin na shekara uku wanda ya haura 21 zaune gefenka.

Ta kwamfutar fam 23 ce, tambaya 50 a ci 43, sai hotunan bidiyo 14 na hango haɗari inda ake son maki 44 cikin 75, kuma takardar cin ta shekara biyu take yi ta mutu. Kada ku raina ta, iyakar abin da zan ce ke nan.

Sai girman kai, wanda shi ne ciwonmu na gaske. Ni da na shekara goma sha biyar ina bin hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yawuri, dare da rana, damina da rani, ina kauce wa rami da tirela da shanu, wai wata yarinya mai gwajin tuƙi da allo a hannu ce za ta ce ban iya mota ba? Haka na shiga gwajin farko ko awa ɗaya ban yi da malamin tuƙi ba, fam 62 na, ko minti goma ba mu yi ba na san na faɗi don sai da ta kai hannu wajen sitiyari a shataletale. Mu tun 1972 munka koma tuƙin dama, su suna hagu, shataletalensu ta hagu ake shiga kuma na damanka ake ba hanya, ni kuwa wuyana ya saba leƙa hagu, ga dabarar nan tamu ta cusa hancin mota a hankali har wani ya gaji ya bar ka. A nan gwaninta ce, a can babban kuskure ne, kuma guda ɗaya tak ya kada kai, ƙanana ne ake yafe har 15. Karo na biyu na faɗi kan madubi, wai ban duba ba kafin in ba da sigina, alhali wallahi na duba da wutsiyar ido. Sai da na sauke kai na nemi wani dattijo mai koyarwa, ranar farko ya ce mani ɗan'uwa ka iya sarrafa mota amma sai mun kankare shekara goma sha biyar ɗin nan. Shi ya raba ni da sakin mota firi a gangara, da taka kuloci tun daga nesa, da hon ɗin gaisuwa, da ƙyafta wa mutum fitila wai ya wuce. A karo na uku na ci, bayan awa goma sha biyu a hannunsa da kuɗin da in na juya su naira sai in ji zazzaɓi.

Ku kuma masu cewa kuna da lasin ɗin ƙasa da ƙasa, ɗan littafin nan fassara ce kawai ta katinka, ko kwana ɗaya ba ya ƙara maka kan wata 12. Masu zuwa hutu gida su koma suna cewa lissafi ya sake sabo, wa ya gaya maku? Katin da zai mutu bayan wata uku da tafiyarka ka sabunta shi tun kana nan, na shekara biyar, ka je da kanka a ɗauki hotonka da yatsunka, ban da na bayan taga wanda wani ejan zai kawo maka gida cikin ambulan. Sunan da ke katin ya zama daidai da na fasfo, ba Muhammadu Bello nan Bello Mohammed Jega can ba. In ka yi gwaji da mota otomatik lasin ɗin otomatik kaɗai za su ba ka, mai giya ta haramta gare ka sai ka sake wani gwajin. Mai matsalar ido ya yanki tabarau, lambar mota za a sa ka karanta daga mita 20 kafin ma ka tada inji. Wanda kuma zai biya wani ya zauna masa jarrabawa, wannan kotu ce da ɗauri da bizarsa gaba ɗaya, ba ruwana.

Ɗan yayar tawa dai na karɓi wayarsa na sauke masa manhajar tambayoyin, na ce kullum bayan asuba ya yi guda hamsin ya turo mani sakamako ta WhatsApp. Jiya ya turo 31, da saƙo a ƙasa wai Kawu tambayoyin nan akwai rainin hankali.